Kafin ka kai baƙinka babban gidan abinci a Jidda ko Riyad

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ɗan ba mu fili a jaridarka mu yi magana da 'yan uwanmu Hausawa mazauna Saudiyya, da masu zuwa Umra ko kasuwanci. Mu ma'aikatan otal da gidajen abinci ne a Jidda, wasunmu a kicin, wasu wajen karɓar baƙi.

A 'yan shekarun nan fita cin abinci ta shigo cikin al'adarmu a nan. Yaro ya gama jami'a, ko iyaye sun zo Umra, ko surukai sun iso daga Kano ko Damagaram, ko an ƙulla wani ciniki mai tsoka, sai a ce a je babban mat'am, wato gidan abinci, a yi murna. Abu ne mai kyau, karrama baƙo ba ya faɗuwa ƙasa banza. Abin da ke damunmu shi ne yadda sau da yawa kuɗi ke tafiya, baƙo ya koma masauki da yunwa, mai gayya kuma ya kwana da ɓacin rai. In ka bi diddigi za ka tarar dalilin ɗaya ne: an zaɓi wurin ne saboda bidiyon da aka gani a Snapchat ko TikTok, ba a zaɓe shi saboda wanda za a karrama ba.

Saboda haka tambayar farko ba "wane gida ne ya fi suna?" ba ce. Wa zai ci? Dattijon da ya saba zama a kan tabarma ya ci da hannu, in ka zaunar da shi a doguwar kujera, ga cokula masu yatsu iri uku a hagu, ga wuƙaƙe a dama, aka kawo masa faffaɗan faranti da loma biyu a tsakiya, zai yi maka godiya don kunya, amma bai ci abinci ba. Irin waɗannan gidaje na salon Faransa ko Japan suna kawo abinci ne kashi-kashi, wani lokaci kashi shida ko bakwai, kowanne kaɗan, zaman kuma ya kai awa biyu da rabi zuwa uku. Sun dace da mata da miji masu murnar cikar shekarar aure, ko 'yan kasuwa biyu da ke son hira a natse. Ba su dace da Baba da Inna ba. Su a kai su gidan abincin gargajiya na alfarma, inda ake da ɗakuna masu shimfiɗa da matasai, a rufe ƙofa, a shimfiɗa sufra, wato ledar cin abinci, a kawo shinkafa da nama irin su mandi ko madfun ko kabsa a babban tire. Akwai kuma salik na mutanen Hijaz, shinkafa ce da ake dafawa da romo da madara har ta yi laushi, tana yi wa mai ƙarancin haƙori daɗi. Haka ma jarish, wanda aka ayyana a matsayin abincin ƙasa a 2023, alkama ce ɓarzajjiya, mai cin fate ba zai ga baƙonta ba. In taron ya haɗa manya da matasa, gidajen gashi na Labanan ko Turkiyya su ne tsaka-tsaki: akwai nama gasasshe, akwai shinkafa da gurasa, kowa zai sami abin da ya sani.

Maganar surukai kuwa sai an tsaya a kanta, domin mai gidan abinci bai san ta ba, kuma ba zai tanadar maka ba sai ka faɗa. A wajenmu suruki ba ya sakewa ya ci a gaban surukinsa, amarya ba ta buɗe baki a gaban uban miji. Da can kusan kowane gidan abinci yana da ƙofa biyu, ta iyali da ta maza zalla, a sashen iyali kuma akwai labule ko allon tsari. Tun watan Disamba na 2019 hukuma ta ɗage wajabcin raba ƙofofin, sababbin gidaje masu tsada da yawa yanzu zaure ɗaya ne buɗaɗɗe. Hajiya mai niƙabi za ta zauna ta kasa kai loma baki. Kada ka ɗauka akwai keɓaɓɓen wuri. Tambaya za ka yi, ka gani da idonka. In babu ɗaki, nemi tebura biyu a kusurwa, na maza da na mata, kujerar mai niƙabi ta fuskanci bango.

Sai adadi. Yawancin manyan gidaje teburinsu na mutum huɗu ne zuwa takwas. Daga goma zuwa sama za su ce sai dai a yi maka tsarin rukuni: abinci ƙayyadadde, farashi a kan kowane kai, da kafin alƙalami, wato arbun. In mutanenka sun haura ashirin da biyar, shawararmu ka bar zancen mat'am gaba ɗaya. Kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, ta dare ɗaya, ka ba matbakh, wato masu girkin taro, aikin dafa zabiha, wato yankakken rago, su kawo maka har wurin. A lissafin masu sana'ar, matsakaicin rago da shinkafarsa yana ɗaukar mutum goma sha biyar zuwa ashirin, rabi ya ɗauki takwas zuwa goma, rubu'i huɗu ko biyar. Tambayi irin ragon, domin Na'imi da Harri na ƙasar nan sun fi Sawakini na Sudan da Barbari na Somaliya tsada, kada a karɓi kuɗin wancan a kawo maka wannan. A istiraha yara za su yi wasa, mata su sake, wanda ya zo da abokinsa ba zai rasa wuri ba. A mat'am kuwa gayyar soɗi matsala ce ta gaske: kujerun a ƙirge suke, in ka yi hajzi, wato kama wuri, na mutum takwas kuka zo sha ɗaya, manaja ba mugunta yake yi ba in ya ce babu wuri. Mun san halinmu, don haka ƙara kujera biyu a kan lissafinka, kuma ka gaya wa kowa a fili cewa wurin a ƙirge yake.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Kwana uku ko huɗu kafin ranar, je wurin da kanka, a daidai lokacin da kake son kai baƙin, ba da hantsi ba sa'ad da wurin yake fayau. Fara da banɗaki. Gidan da bai kula da banɗakin da baƙo ke gani ba, kada ka kyautata zaton kicin ɗin da ba a gani. Duba ko akwai wurin alwala da ɗakin salla, na mata daban. Ƙirga matakala: wasu wurare masu kyan kallo a bene suke, in kana da mai ciwon gwiwa ko mai keken guragu, ka tabbata akwai lif kuma yana aiki. Tsaya minti biyar ka saurari ƙarar kiɗa, don wasu gidaje suna ƙara sauti bayan goma na dare har ba ka jin na kusa da kai, kuma malami ko dattijo ba zai ji daɗin zama ba. Shaƙi iskar: in ana shan shisha, a ina? Sa'an nan ka nuna teburin da kake so da yatsa, a rubuta. Guji na bakin ƙofar kicin da na hanyar banɗaki, da wanda iskar na'urar sanyaya ɗaki ke bugawa kai tsaye, domin abinci zai huce kafin a kai rabi, tsoho kuma ya tashi da mura. Dubi faranti biyu-uku da ake wucewa da su, nan za ka san ainihin yawan abincin, ba a hoton Instagram ba. In za ka karanta ra'ayoyin mutane a Google Maps, karanta na watanni uku na baya-bayan nan kawai. Babban kuku yakan canza, ɗanɗano ya tafi da shi, yabon shekara biyu da suka wuce ba ya nufin komai.

A wannan zuwan ne za ka yi tambayoyin da mutane ke jin nauyin yi. Nawa ne arbun, kuma ana mayar da shi in an fasa, zuwa yaushe? Minti nawa ake jira kafin a ba wani teburin? Galibi kwata ne, ba a ƙarawa a daren da ake cika. Teburin naka ne har ku gama, ko awa biyu ne a tashe ku? Akwai mafi ƙarancin kuɗin da dole kowane mutum ya kashe? Ana shiga da ƙananan yara da dare? Akwai sharaɗin tufa? Babbar riga da kaftani da jallabiya ba su da matsala, abin da ake hanawa gajeren wando ne da silifas na wanka da kayan ƙwallo, sai a ja kunnen samari. In za ka zo da kek daga waje, an yarda, kuma akwai kuɗin yankawa? Duk amsar da aka ba ka, roƙi a turo maka ita a rubuce ta WhatsApp, da rana da lokaci da adadin mutane. Wanda ya yi maka alkawari da baki wataƙila ba shi ke aiki a daren ba.

Lokaci yana da nasa lissafin. Hutun mako Juma'a da Asabar ne, saboda haka daren Alhamis da na Juma'a su ne na cunkoso, a hanya da cikin kicin. Mutanen ƙasar nan kuma masu cin dare ne, daga tara zuwa sha ɗaya wuri ke cika. A wannan tsakanin abinci kan yi jinkiri, kuskure ya yi yawa, ba don ma'aikata ba su iya ba, sai don oda ta taru a kan wuta ɗaya. In kana da zaɓi, ɗauki daren Litinin ko Talata, ko azahar ɗin Asabar. A kalandar Ummul Ƙura tsakanin Magariba da Isha awa ɗaya da rabi ne, a watan azumi awa biyu. Wannan bai isa a yi tafiya, a zauna, a ci a natse ba. Sa hajzinka rabin awa bayan Isha, a yi salla a masallacin kusa, a shiga da kwanciyar hankali. Amma in akwai mai ciwon sukari da ke shan magani a kan lokaci, kada ka bar shi da yunwa har goma. Abincin rana ya fi masa. Masu tasowa daga Makka su tuna tafiyar ta kai wajen kilomita 80, kuma shiga Jidda zuwa Abhur, yankin bakin teku da ke arewacin birnin, wata tafiyar ce daban, a ware awa biyu. Game da zama a waje: bakin Kornish, wato titin gaɓar teku, da kallon maɓuɓɓugar Sarki Fahad abin sha'awa ne daga Nuwamba zuwa Maris, amma da zafi damshin Jidda zai jiƙe wa baƙonka riga kafin a kawo miya. Riyad akasin haka ce, darenta na Disamba da Janairu akwai sanyi mai ratsa ƙashi. Wanda zai kai baƙi Bujairi a Dir'iyya, kusa da Riyad, wurin gidajen abinci da aka buɗe a ƙarshen 2022 yana kallon tsohuwar unguwar Turaif, ya tanadi rigar sanyi, ya kuma san akwai 'yar tafiyar ƙasa daga wurin ajiye mota. In abokin cinikinka ba Musulmi ba ne, Makka ba ta cikin lissafi, a haɗu a Jidda.

Yanzu kuɗi, inda aka fi jin ciwo. Harajin kaya a nan kashi 15 cikin ɗari ne tun Yulin 2020, kuma ƙa'ida ita ce farashin da ke kan takardar abinci ya haɗa da shi. Amma in tsarin rukuni aka yi maka ta waya, tambayi ko kuɗin ya haɗa da dariba, wato harajin, domin Riyal 2,000 ba haraji Riyal 2,300 ne a fatura, wato takardar biya. Ba a babban abincin kuɗi ke zurarewa ba, wannan kowa ya ga farashinsa. A gefe yake zurarewa. Ruwa na farko: mai kawo abinci zai tambaya "mai gas ko mara gas?", ya buɗe kwalbar gilashi ta ƙasar waje, yana cika kofuna, ta ƙare ya buɗe wata ba tare da ya tambaya ba. Ka ce ruwan gida kake so, kuma kada a buɗe wata sai ka ce. Sai haɗe-haɗen lemo masu ado, waɗanda kofi ɗaya kan yi kusa da kuɗin farantin taliya. Mutum takwas kowa ya sha biyu, ka ga an sayi abinci na biyu. Odar jug biyu na lemon tsami da na'ana'a ta wadatar. Sai abin da ake kira na musamman na yau, wanda ake faɗa da baki ba a rubuce ba. Tambayi farashinsa nan take, ba abin kunya ba ne, masu kuɗin ma suna tambaya. A gidajen naman sa kuma lura da ƙaramin rubutu: wani naman ana sa farashinsa ne a kan giram 100, yankan kuma giram 300 ne ko 400, shinkafa ko dankalin da zai raka shi ma kuɗinsa daban.

Kifi ya cancanci a faɗaɗa, tunda shi ne alfaharin Jidda kuma nan baƙi suka fi so. A yawancin gidajen kifi babu farashin faranti, da kilo ake sayarwa. Za a kai ka gaban ƙanƙara, ga najil ja mai ɗige-ɗige, wanda ya fi tsada, ga hamur, ga sha'ur, ga harid mai launin kore da shuɗi. Duba idon: ya zama garau a kumbure, ba fari-fari a lotse ba. Ɗaga murfin kunnen, cikin ya zama ja jawur. Danna jikin da yatsa, in wurin ya dawo sabo ne, in ya bar rami bar shi. Sa'an nan ka bi shi har kan sikeli ka ga nauyin da idonka. Ana auna shi ne da kai da ƙaya da kayan ciki, tsokar da za ta iso tebur wajen rabi ce. Lissafa rabin kilo ga kowane babba in kifi ne kaɗai, ƙasa da haka in akwai jatan lande da shinkafar sayadiyya, wadda ake ci da kifi. A ce kilo Riyal 180 ne, kifin da ya burge ka kuma kilo biyu da rabi, Riyal 450 ke nan kafin shinkafa da abin sha, kuma mutum biyar zai ciyar. Tambayi ko gashi ko suya na da kuɗi daban. Babban kifi ɗaya ya fi kyan gani a tsakiyar tebur, amma matsakaita biyu sun fi nuna daidai, kuma za ka iya sa a gasa ɗaya a soya ɗaya.

Mafi alherin abin da mai gayya zai yi shi ne ya zaɓi abincin tun kafin baƙi su iso. Gidaje da yawa yanzu ba su ba da takarda, sai a ce ka haska waya a kan wani tambari jerin abinci ya fito, da Larabci da Turanci. Dattijo ba zai iya ba, mai kunya zai nuna mafi araha ya ƙi ƙoshi, wanda bai sani ba kuma ya nuna mafi tsada. Kai ka tsara, a kawo a tsakiya kowa ya ɗiba. Ga mutum takwas a gidan gashi: salak biyu, ƙananan farantan buɗe baki irin su hummus da mutabbal guda huɗu, sambusa ko kibba faranti biyu, gasasshen nama haɗe kilo biyu, wato rubu'in kilo ga kowa, shinkafa faranti uku. In bai isa ba kawo ƙari ba ya wuce kwatan awa. In ya yi yawa ba a mayarwa. Faɗa musu a gasa nama ya nuna sosai, domin a gidajen salon Turai in ba ka ce komai ba da ja a ciki za a kawo, mutanenmu kuwa ba su cin nama mai jini-jini, a mayar da shi wuta kuma sai ya bushe. Sushi ɗanyen kifi ne a mafi yawansa, a sanar da baƙo kafin ya kai baki. Harshenmu ya saba da yaji, abincin nan kuwa ba shi da zafi. Nemi shatta ko daggus, miyar tumatir da barkono da ake ci da mandi, a ajiye a gefe. Tun 2019 doka ta sa ana rubuta yawan kuzarin kowane abinci da abubuwan da kan tayar wa wasu da ƙaiƙayi ko kumburi, amma kada ka dogara da rubutu kaɗai. In akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, riɗi ko jatan lande, gaya wa manaja da baki. Riɗi musamman yana ɓoye cikin tahina, wato markaɗaɗɗen riɗi, ita kuwa tana cikin rabin abincin Larabawa.

Wani ɗan abu da ke jawo magana a gida: babu giya ko naman alade a gidajen abincin ƙasar nan, wannan hankali kwance. Sai dai akwai abin sha da ake kira shamfen na Saudiyya, ruwan tuffa ne da ruwa mai gas da yankakken lemo da na'ana'a, ana zuba shi a dogayen kofuna masu ƙafa. Halal ne, amma hotonsa in ya isa zauren WhatsApp na dangi ba kowa zai tsaya jin bayani ba. A zuba a kofi na yau da kullum, ko a yi wa manya bayani tukuna. Hoton ma a yi hattara da shi: dokar ladabin bainar jama'a ta 2019 ta hana ɗaukar mutane ba da izininsu ba, akwai tara. Ɗauki teburinka, kada kyamara ta juya kan iyalin wani.

Da azumi manyan otal suna shirya buɗa-baki na ɗebi-da-kanka, kuɗi a kan kai, kuma a Makka farashi na hawa sosai a goman ƙarshe. In an ce maka wurin yana kallon Harami, tambayi ko teburinka ne a bakin taga. A dogayen benayen agogo da ke gaban Harami tebura kaɗan ne ke ganin Ka'aba, sauran bango suke kallo. Tambayi kuma daga shekara nawa ake cajin yaro cikakken kuɗi.

Wajen biya, kada a kawo fatura gaban baƙi a shiga jayayyar "bari in biya". Tashi kamar za ka wanke hannu bayan an kawo shayi ko gahawa, ka je wurin mai karɓar kuɗi. Katin mada, na bankunan Saudiyya, yana aiki ko'ina. Katin bankin gida kuwa ba kullum yake wucewa ba, mai ziyara ya riƙe tsabar Riyal. Karanta faturar layi-layi, ƙirga kwalaben ruwa, duba ko an sa abin da aka fasa. Ingantacciyar fatura tana ɗauke da lambar harajin gidan da tambarin da ake haskawa da waya. Ma'aikatar Kasuwanci ta hana ƙara kuɗin hidima a kan fatura. In ka gan shi, ko farashin ya saɓa wa na takarda, yi wa manaja magana a hankali, mafi yawa a nan take ake gyarawa. In ya ƙi, lambar ƙorafin ma'aikatar 1900 ce, ta baladiyya, wato hukumar gari, kuma, a kan tsabta ko lalataccen abinci, 940. Riƙe faturar, ita ce shaidarka. Tukwici ba dole ba ne, amma wanda ya tsaya a kanku awa biyu ya cancanta. Kashi goma cikin ɗari ya yi, a miƙa masa tsaba a hannu.

Abin da ya rage a tire kuma naka ne, ka biya. Ka ce a zuba maka safari, wato a ƙunshe maka ka tafi da shi, ba wanda zai raina ka, manyan 'yan ƙasa ma haka suke yi. Sai dai shinkafa da kifi ba su jure zafin mota. In za ku biya Kornish shan iska bayan cin abinci, ba wa mai gadi ko mai share titi tun yana da ɗumi, in kuma gida za a kai, ya shiga firij cikin awa biyu.

Mun gode da wannan fili, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan otal da gidajen abinci,
Jidda, Saudiyya.